Ta ce lafiya lau take: me ya sa ba a jin ƙarar wulaƙanta tsofaffi?

"Assalamu alaikum Anti. Kwanan baya na ji a rediyo wai cikin kowane tsofaffi shida a duniya, ɗaya yana fuskantar cin zarafi. Ni dai tun tasowata a Jega ban taɓa jin an kai wani kotu ko wurin 'yan sanda don ya wulaƙanta uwarsa ko ubansa ba. Anya wannan ba matsalar Turawa ba ce, masu kai iyayensu gidan tsofaffi? Sai dai abin da ya sa na rubuto shi ne wata tsohuwa a maƙwabtanmu da ɓarin jikinta ya shanye bara. An mayar da ita ɗakin da ke kusa da turken awaki, sau da yawa da kwaɗo a ƙofar. Gonar fadamar da mijinta ya bari, babban ɗanta ne ke nomawa. Na shiga gaishe ta, ɗakin sai zarni, ta rame ƙwarai, amma ta ce mini lafiya lau take, 'ya'yanta suna ƙoƙari. In mai abu ba ta yi kuka ba, ina ruwana? In kuma da ruwana, wa zan gaya wa?"
Wata uwargida daga Jega

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambaya biyu kika yi, amma tushensu ɗaya. Ta farko, ko rashin jin ƙara yana nufin babu abin a ƙasarmu. Ta biyu, ko "lafiya lau" ɗin da baiwar Allah nan ta ce miki ya sauke miki nauyi. Duka biyun amsata a'a ce. Na yi aikin jinya a ɗakin kwanciyar mata, daga baya aikina ya koma bin marasa lafiya har gida a garuruwan ƙasar Gwandu da Argungu, kuma abin da na gani shi ne, tsohon da ya fi shan wahala shi ya fi saurin cewa alhamdulillahi. Duk tsarin da ya zauna jiran tsohuwa ta kawo ƙarar ɗanta da ƙafarta, ba zai taɓa jin komai ba.

Bari mu fara da lissafin da kika ji. Ina kyautata zaton shirin na 15 ga Yuni ne, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don wannan magana. Adadin ya fito ne daga wani nazari na 2017 da Hukumar Lafiya ta Duniya take kafa hujja da shi, wanda ya tattara bincike 52 daga ƙasashe 28, cikinsu har da 12 masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. An samu kashi 15.7 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama sun gamu da wata cutarwa a cikin shekara guda. Ki lura da kyau, waɗannan tsofaffi ne da ke zaune a gida cikin danginsu da maƙwabtansu. Na gidan tsofaffi lissafinsu daban ne. Saboda haka cewa mu ba ma kai iyayenmu can bai fitar da mu daga zancen ba.

Da aka rarrabe, cutarwar baki da ta zuciya ce kan gaba, irin tsawa da gori da zagi da shariya, kashi 11.6. Cin dukiya 6.8, sakaci 4.2, duka 2.6, lalata ƙasa da 1. Wato duka, wanda shi ne ke barin shaidar da maƙwabci zai gani, yana can kusa da ƙarshe. Mafi yawan abin ba ya ƙara, ba ya barin tabo.

Game da rashin kai ƙara kuwa, a 2011 an fitar da wani bincike a jihar New York ta Amurka. An tambayi tsofaffi fiye da 4,000 kai tsaye, sannan aka gwada amsarsu da abin da ke rubuce a ofisoshin hukuma. Cikin kusan 24 da aka cutar, ɗaya ne kawai labarinsa ya isa hukuma. A cin dukiya, ɗaya cikin 44. A sakaci, irin wanda kike zargi a maƙwabtanku, ɗaya cikin 57. Can fa akwai lambar waya ta musamman, akwai ma'aikatan da ake biya albashi don bin irin wannan ƙara. To ina ga Jega?

Abin da ke rufe bakinta

Babban dalili shi ne wanda ake zargi nata ne. A gidajen da na shiga, da wuya ki ga baƙo ne ya cuci tsoho. Ɗa ne, ko matar ɗa, ko jika, wani lokaci amarya ce da tsohon miji. Hannun da ya rage mata abinci shi ne dai hannun da ke miƙo mata ɗan abin da take samu. In ta yi magana aka yi fushi, wa zai ɗaga ta da dare?

Amma tsoro bai kai wani abu ƙarfi ba, wanda masu rubuta rahoto a ofis ba su cika ganewa ba. Mun taso ana gaya mana bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa, kuma iyayenmu mata sun fi mu yarda da hakan. Tsohuwa tana ganin in ta furta cewa ɗanta ya cuce ta, ko da a ɗaki ne, ko da ke kaɗai ta gaya wa, maganar ta hau sama ke nan, yaron ba zai ƙara ganin daidai ba. Na sha jin irin wannan da harshenmu na nan: "Ɗana na. In na buɗe baki ya lalace, wa yay yi hasara?" Wata kuma ta ce miki hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shirun nata ba rashin jin zafi ba ne. Tsare ɗan take yi daga bakinta, kuma ta gwammace yunwa da ta zama sanadin lalacewarsa. Ki ƙara da cewa babban ɗa ne kika ce. In ɗan fari ne, mai yiwuwa tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. Wadda ba ta ambatar sunansa a tsakar gida, ita ce za ta ambace shi a gaban alƙali?

Sai rufin asiri. Akwai jikoki mata da za a zo neman aurensu, kuma masu bincike za su tambayi maƙwabta wane irin gida ne. Tana lissafa wannan. Sannan da yawansu ba su ɗauki abin a matsayin zalunci ba. Sun ce tsufa ne, jarrabawa ce, sai haƙuri. Wasu ma kansu suke zargi, wai sun daɗe sun zama kaya.

Ko da ta so magana, ta ina? Ba ta tafiya. Wayarta, in tana da ita, tana hannun jika. Shanyewar ɓarin jiki kan taɓa harshe, musamman in ɓangaren dama ne ya shanye. Wadda kuma gigin tsufa ya fara taɓawa, ranar da ta faɗi gaskiya ma sai a ce ai ruɗewa ce. In an kai ta asibiti, wanda ake zargin shi ne ɗan rakiya, shi ke amsa tambayar likita tana sunkuye. Mu kuma ma'aikata, da layi a ƙofa, abin da ke shiga kati shi ne gyambon kwanciya, ƙarancin ruwa a jiki, karayar ƙugu. An rubuta ciwon, ba a rubuta abin da ya kawo shi ba. Haka labarin ke wucewa ta hannun hukuma ba tare da ya zama ƙara ba. Maƙwabta kuma kowa na gudun a ce ya shiga sharo ba shanu, ko a kira shi munafuki a raba zumuncin shekaru.

Akwai nau'o'in da har mu masu kallo ba ma lissafa su. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, tsofaffi da yawa sun miƙa katin banki da lambar sirri ga 'ya'ya da jikoki don a ciro musu a wurin masu POS, kuma na san gidajen da katin bai koma hannun mai shi ba. Fansho na shigowa, saƙon na faɗawa wayar wani. Ana lallaɓa tsoho ranar tantance 'yan fansho, a yi masa wanka a sa masa babbar riga, washegari a manta da shi. Ana dangwala yatsan tsohuwa a takardar sayar da fili ba ta san me aka rubuta ba. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, irin na Danko-Wasagu da Sakaba da maƙwabtanmu na Zamfara, wanda ba ya iya gudu shi ake bari a baya, wanda aka iso da shi gari kuma wani lokaci shi ake zaunarwa bakin titi yana bara, da yamma wani ya karɓe abin da ya samu. Mafi tsanani a wurina ita ce tsohuwar da ba ta haihu ba, ko 'ya'yanta suka rasu. In gigi ya kama ta tana fita da dare tana sambatu, sai a laƙa mata maita, yara su bi ta da jifa. Alhali kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod, ya mayar da zargin mutum da maita laifi. Wa zai kai ƙara a madadin wadda unguwa duka ke tsoro?

Kafin ki yanke wa gidan hukunci

Ban ga wannan tsohuwa ba, kuma ba zan ɗaure mutane daga nesa ba. Ba kowane ɗaki mai zarni ne shaidar mugunta ba. Jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye aiki ne da a asibiti ma ake karɓa-karɓa: ɗagawa, juyawa, wanki, kwasar bayan gida, ciyarwa a baki. A gida kuwa yawanci mace ɗaya ake jibga wa, matar ɗa, ga goyo ga girki ga surfe, babu wanda ya koya mata yadda ake yi, babu kuɗin ƙunzugun manya, musamman tun da kaya suka yi tsada bayan cire tallafin mai a 2023. 'Yan'uwan miji na Abuja ko Legas su aiko da ɗan abu da salla, su zo kwana biyu su yi faɗa su koma. Malamanmu kuma sun sha faɗa cewa hidimar uwar miji kyautatawa ce daga matar ɗa, wajibin yana kan 'ya'yan da aka haifa. Na ga matan da gajiya ta mayar masu tsawa, waɗanda da an karɓe su yini ɗaya a mako da ba su kai haka ba. Tsohuwar dai ta cutu, ko da niyya ko babu, amma maganin gajiya daban, na mugunta daban.

Ga yadda nake rarrabewa. In kowa a gidan ya rame, talauci ne. In shinkafar fadama na shigowa buhu-buhu, yara sun yi ɓul-ɓul, ita kaɗai ce ƙashi da fata, wannan ba talauci ba ne. Kwaɗon nan kuma ya tsaya mini a rai. Iyalai kan kulle mai gigin tsufa don kada ya fita ya ɓace, kuma ko shi ba na goyon baya. Amma wadda ba ta iya tashi, ina za ta? Ko dai ana kare ta daga awaki da ɓarnar yara, wanda labule da ƙyaure sun isa, ko kuma ana kare ɗakin daga idon masu shigowa. Kowanne ne, in gobara ta tashi ba ta da mafita.

In kin koma, kada ki tsaya a bakin ƙofa. Ki ce kin zo yi mata kitso ko yankan farce, wannan zai ba ki dalilin zama da taɓa jikinta. Ki duba dugaduganta, da ƙashin da ke saman ɗuwawu, da gefen ƙugu. Nan gyambon kwanciya ke fara fitowa, da fari fatar ta yi duhu ko ta yi ja, daga baya ta buɗe. Ki duba harshe ko ya bushe, shimfiɗa ko jiƙaƙƙiya ce tun jiya, akwai ruwan sha inda hannunta mai lafiya zai kai ko babu. Ki nemi ganin maganinta, don mafi yawan masu wannan ciwo hawan jini ne ya kayar da su, kuma barin magani na iya sa jikin ya sake shanyewa. Tabo a bayan hannu ba lallai duka ba ne, fatar tsoho ba ta da wuyar tara jini. Amma tabo a cikin damtse, ko a wuya, ko zoben shaida a wuyan hannu da idon sawu irin na ɗauri, wannan abin tambaya ne. Ki kuma lura ko tana yanke magana in wani ya shigo.

Kada ki tambaye ta ko ana cutar da ita, kin riga kin san amsar. Ki tambayi ƙananan abubuwa, ku biyu kaɗai. Iya, me kika karya da shi yau? Yaushe rabonki da wanka? Yaushe aka fitar da ke kika sha hantsi? Wa ke ajiye miki kuɗinki? Tsohuwar da ba za ta taɓa cewa ɗanta ya yi laifi ba za ta iya gaya miki tun kunun jiya ba ta sa komai a baki ba. Ba kuma a zuwan farko take faɗa ba.

Wa za ki gaya wa

In kin ga gyambo mai zurfi yana wari, ko zazzaɓi, ko ta kasa haɗiyar ruwa, ko ta ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan na asibiti ne a ranar, ba ya jiran taron dangi. Ruɗewar farat ɗaya sau da yawa ciwon mafitsara ne ko zazzaɓin cizon sauro ko ƙishirwa, kuma tana warkewa. In duka ne ko ɗauri, mai unguwa da 'yan sanda za a nufa kai tsaye.

In bai kai nan ba, ki fara da matar da ke jinyar, kuma ki shiga da hannu, ba da baki ba. Ki kama mata ku juya tsohuwar, ki nuna mata ana juyawa duk bayan awa biyu, a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don dugadugi su bar tabarma, a shimfiɗa leda a ɗora zani busasshe, a zaunar da ita tsaye kafin a ba ta kunu don kada ta ƙware. A nan za ki gane ko gajiya ce ko ƙeta. Mai gajiya takan fashe da kuka ta ba ki labari. Daga nan ki nemi 'ya'yan tsohuwar mata da ke gidajen aurensu, don sau da yawa ba su san zurfin abin ba, ko sun sani an ce musu ba su da ta cewa. Sai 'yan'uwanta maza in suna raye. Kawu yana da bakin da zai kira ɗan 'yar'uwarsa ya zaunar da shi, wanda ke ba ki da shi. In hakan bai yi ba, maigidanki ya sami liman da mai unguwa.

Shawarata, a kai maganar da sunan haƙƙi, ba da sunan laifi ba. Tsohuwa ba za ta yarda a ce ɗanta azzalumi ne ba, amma za ta iya yarda a tuna masa nafaƙa. A mazhabarmu ta Malikiyya, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata, gwargwadon ƙarfin kowa, kuma alƙalin kotun shari'a yana iya yankawa ya tilasta. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya bi ta kan wannan. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" kuwa, da zancen tsufansu ta fara. Batun gona ma a nan zai fito. A tambaya, an raba gadon kuwa? Matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, ta raba da kishiyoyi in akwai. A gidaje da yawa ba a rabawa, babban ɗa ya ci gaba da noma, tumunin uwa ya nutse a ciki. In wani yanki nata ne, amfaninsa nata ne, kuma shi kaɗai zai iya biyan magani da mai taya jinya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, lissafin gado na malamai da alƙalai ne, a kai musu.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kare tsofaffi daga ci da gumi da sakaci, ko da yake yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ake kira VAPP, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira 500,000, ga wanda ya yi watsi da wanda ke ƙarƙashin kulawarsa ba tare da abin rayuwa ba, kuma Kebbi ta yi tata dokar. Akwai Hisba, akwai ofishin jin daɗin jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Birnin Kebbi, kuma ba sai wanda aka cuta ne kaɗai ke iya kai musu kuka ba.

Duk da haka ni ina ajiye ɗauri a ƙarshe, don in aka rufe ɗan, an rufe rumbun gidan, kuma ita za ta fara cewa ƙarya aka yi masa. In hankalinta ƙalau yake ta ce kada a kai maganar waje, ina girmama hakan matuƙar ranta ba ya cikin haɗari. Wasu abokan aikina suna ganin wannan sassauci ne, kuma suna da hujja, domin sulhu ya sha binne magana. A zauna a zaure, a yi nasiha, ɗa ya ce in sha Allahu, a shafa fatiha, bayan mako biyu kwaɗo ya koma ƙofa. Sulhun da na ga ya yi aiki shi ne wanda aka faɗi abu dalla-dalla a gaban shaidu: mudu nawa a wata, wa ke sayen magani, wace 'ya ce ke zuwa wanka ranar kaza, a dawo da ita ɗakin da ke cikin mutane, a kuma sa ranar da mai unguwa ko matar liman za su dawo su gani da ido. In ranar ta zo babu canji, a hau mataki na gaba, wurin hakimi ko alƙali.

In maigidanki ya ce ba ya son ki shiga maganar maƙwabta, kada ku yi rigima. Ki je ƙaramin asibitin unguwarku ki sami ma'aikaciyar lafiya a keɓe, ko ɗaya daga cikin matan da ke bi gida-gida lokacin rigakafi, ki gaya mata abin da idonki ya gani kawai: ramar, da shimfiɗar, da kwaɗon. Su an saba ganinsu suna shiga kowane gida, kuma za su iya cewa sun zo auna hawan jinin Iya ba tare da sunanki ya fito ba.